Daga Teburin Koriya Zuwa Tukubar Kilomita Biyar

Wanda ya saba kallon finafinan Koriya ta Kudu a waya, ko a Kano yake ko a Maraɗi ko a unguwar Miskine ta birnin Bangui, ya san akwai wurin da labari ba ya rasa komawa. Ko an kori wani daga aiki, ko 'yan'uwa sun ɓata a kan gado, ko saurayi da budurwa sun shirya, ƙarshenta sai an gan su a wani ɗan gidan abinci mai kujerun roba, sun kewaye tebur da garwashi a tsakiya, nama yana ƙauri, ƙananan kwanuka sun cika ko'ina. Irin wannan gida yau akwai shi a Dubai da Paris da Legas da Nairobi, kuma ɗan kasuwar da ke fita sarin kaya yana iya tsintar kansa a ciki ba shiri. Mutane da yawa suna ɗaukarsa wurin 'yan gayu. Ni a ganina tarihinsa ya ƙaryata haka: abincin yunwa ne da na bayan yaƙi, wanda masu shi suka yi wa tsari har ya kai inda ya kai. Shi ya sa mutanen Miskine da maƙwabciyarta Kilomita Biyar, da suke da nama da gwanintar gashi kuma suka ɗanɗana yaƙi, suka fi kowa dalilin duba shi da idon basira.

A fara da yadda ake cin abincin, domin a nan dabarar take. Baƙo na zama, tun bai gama zaɓen abin da zai ci ba, za a ajiye masa ruwa, sannan a jero ƙananan kwanuka huɗu ko shida, wani lokaci fiye. Su ake kira bancan. A ciki akwai kimci, wato wani irin kabeji da aka jiƙa da gishiri, aka cuɗe da barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi, aka bar shi ya yi tsami. Akwai tsiron wake da aka ɗan tafasa aka zuba wa man riɗi, akwai alayyafo, akwai ƙananan busassun kifi, akwai awara ko wainar ƙwai. Ba a biyan kuɗinsu daban, kuma kwano na ƙarewa ana iya neman ƙari. Kowa da kwanon farar shinkafarsa, ba mai ba gishiri, da cokali da tsinke biyu na ƙarfe. Sauran abin da ke kan teburin kuwa na kowa da kowa ne. Mafi arha a irin wannan ci shi ne baekban, shinkafa da romo da bancan ɗin da aka samu a ranar, kalacin ma'aikata da ɗalibai. Har gidaje akwai da aka buɗe saboda direbobin tasi, masu filin ajiye mota da abinci mai auki, waɗanda yanzu kowa ke nema don an san direba ba ya komawa inda aka cuce shi.

Wanda ya fi suna a ƙasashen waje shi ne gidan gashi. Ɗanyen nama ake kawowa, an yanka shi siriri. Wanda aka jiƙa cikin ruwan waken soya da sukari da tafarnuwa da man riɗi shi ne bulgogi, haƙarƙari kuma galbi. Masu ci su ne masu gasawa, ko ma'aikaciya ta taya su, kuma da almakashi ake yayyanka naman idan ya nuna. Mutum zai shimfiɗa ganyen latas a tafin hannu, ya ɗora yanka ɗaya, ya lakato ɗan kwaɓin wake da barkono, ya sa tafarnuwa da ɗan shinkafa, ya naɗe ya kai baki loma guda. Saman tebur akwai bututun da ke zuƙe hayaƙi, a gefe akwai ƙararrawar kiran ma'aikaci, farashi yana rubuce a bango, kuma a bakin ƙofa ake biya in an gama, ba tukuici. Ladabin wurin ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Ƙarami ba ya riga babba sa hannu, ba a miƙa wa dattijo abu da hannu ɗaya, kuma yawanci babban ne ke biya wa kowa bayan an ɗan yi jayayyar girmamawa. Abin lura shi ne, in aka auna abin da ya shiga cikin mutum, ganye da shinkafa sun ninka naman. Ɗan nama kaɗan ne ake ja har ya ƙosar da mutum biyar.

Wannan yalwar ta kwanan nan ce. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945, tana kwashe shinkafar ƙasar zuwa gida. Shekara biyar da tafiyarta aka shiga yaƙin 1950 zuwa 1953, wanda ya ci rayuka sama da miliyan 2, birnin Seoul ya fita daga hannu zuwa hannu har sau huɗu. A 1960 abin da ɗan Koriya ta Kudu ke samu a shekara, in an raba daidai, bai kai dala 200 ba. Akwai wata miya mai farin jini a yau, budae jjigae, wadda asalinta naman gwangwani ne da ke fitowa daga barikin sojan Amurka a garin Uijeongbu, mata suka riƙa dafa shi da kimci da barkono don ya ishi gida. A Busan, 'yan gudun hijira daga arewa da suka rasa irin garin da suka saba yin taliya da shi suka koma amfani da fulawar agaji, suka fito da milmyeon, wadda yanzu birnin ke alfahari da ita. Shinkafa kanta ta yi ƙarancin da daga 1969 gwamnatin Park Chung-hee ta hana gidajen abinci sayar da ita da rana a ranakun Laraba da Asabar, aka kuma tilasta cakuɗa ta da sha'ir, hanin da bai kau ba sai 1977. Ɗan kwanon ƙarfe mai murfi da ake kawo shinkafa a ciki har yau, hukuma ce ta ƙayyade girmansa a shekarun 1970 don rage ci. Zaman gasa nama a tebur bai zama na talaka ba sai wajen shekarun 1980, lokacin da albashi ya ƙaru, ƙaramin rishon gas ya wadata.

Ke nan ƙananan kwanukan nan da ke burge baƙo dabara ce ta gidan da ba shi da nama, inda uwargida ke sarrafa ganye da wake da gishiri ta hanyoyi da yawa don farar shinkafa ta wuce. Da wadata ta zo, ba su jefar da dabarar ba. Sun ɗauke ta daga madafi suka kai ta kasuwa, suka ba ta farashi da tsabta da wurin zama.

Yanzu a dawo gida. Kilomita Biyar, ko PK5 a bakin masu Faransanci, tana gunduma ta 3 a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma an daɗe da sanin ta a matsayin babbar cibiyar cinikin birnin. A nan Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali suka zauna tun zamanin Faransa, suna haɗa Bangui da Kamaru da Cadi da Najeriya. Miskine tana maƙwabtaka da ita, kuma kafin rikici unguwa ce da Musulmi da Kirista suke zaune gida na kallon gida. Naman birnin daga garken Fulani Mbororo yake fitowa, waɗanda suka fara shigowa ƙasar daga Kamaru a shekarun 1920, kuma fawa da gashi sun daɗe a hannun Musulmin waɗannan unguwanni. Mutumin gari da ya saba da gozo, tuwon rogo, da miyar koko ko ngunza, idan ya yi kwaɗayin gasasshen nama ya san inda zai nufa. Sai 'yan tawayen Seleka suka kama birnin ranar 24 ga Maris 2013, abokan gabarsu 'yan anti-balaka suka kawo hari ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar, kuma a farkon 2014 Musulmin Miskine suka watse, wasu zuwa Cadi da Kamaru, wasu suka takure cikin Kilomita Biyar. Makiyaya suka tsere da abin da ya rage na shanunsu, nama ya yi tsada a duk birnin. Lokacin da Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015, abin da ya ja hankalin duniya shi ne cewa shiga wurin ma ta zama abin ba da labari. Kasuwar da ke rayuwa da baƙi ta wayi gari baƙi suna tsoron ta.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, kuma sana'a ce da ta riga ta tabbatar da kanta. Babu gwamnatin da ta taɓa ware kasafi don tallata tsire, amma ya kai Legas da sunan suya, ya kai Accra da sunan cicinga, ya kai Douala da Yaoundé da sunan soya, ya kai Sudan da sunan agashe. Ƙafar Bahaushe ce ta kai shi. In aka duba da kyau, manyan ginshiƙai uku na gidan gashin Koriya duk suna nan a tukuba. A gaban mai saye ake gasawa, kuma gani ya kori ji: yana kallon naman, yana nuna yankan da yake so. Akwai ɗanɗano kafin ciniki da gyara bayan ciniki, wato kyautar da ke sa mutum ya dawo gobe, aikin da bancan ke yi a can. Akwai kuma yaji, haɗin ƙuli-ƙuli da citta da barkono da masoro da kanumfari, wanda kowane mai tsire ke da sirrinsa kamar yadda kowace uwargida a Koriya ke da hannunta a kimci. Ta fuskar ɗanɗano, balangun da ya ji wuta a hankali ba ya jin kunyar galbi a ko'ina.

Inda aka bar mu a baya shi ne zama. Tsire abincin tsaye ne, abincin dare, abincin maza. Ana naɗe shi a takardar jarida ko ta buhun siminti, a yayyanka albasa da tumatir a kai, mutum ya ci a gefen titi ko ya sa a aljihun babur ya kai gida. Wanda ya sayi na sefa 1,000 ya tafi, cinikin ya ƙare ke nan. Ba a sayar masa da tuwo ba, ba a sayar masa da ganye ba, ba a sayar masa da abin sha ba, kuma matarsa da 'ya'yansa ba su taka wurin ba. Mai gidan abincin Koriya kuwa ya gane cewa ribar tana cikin zaman da mutane ke yi: iyali guda sun zauna awa ɗaya da rabi, sun ci nama, sun ƙara da taliya mai sanyi ko soyayyar shinkafa, sun sha abin sha. Naman shi ne ya jawo su, amma sauran kayan ne suka cika ciki da aljihun mai gida. A ƙasar da nama ke da tsada, tsarin da ke sa rabin kilo ya ciyar da gida guda ya fi dacewa da talaka fiye da tsarin da ke sa mutum ɗaya ya cinye shi a tsaye.

Na san akwai kunya a cikin lamarin, kuma ba na raina ta. A al'adarmu magidancin da aka gani yana cin abinci a waje, sai a fara tambayar ko lafiya a gidansa, matar aure kuma ba ta zama a rumfar maza. Amma ciyayya ma al'adarmu ce, maƙwabta su fito da akussansu ƙofar gida bayan magariba su ci tare, kuma ita wannan ciyayyar ce birni ke kashewa a hankali saboda gidajen haya da tashi daga unguwa zuwa unguwa. A Kano da Abuja da Yamai an riga an ga yadda wuraren cin abinci masu ɓangaren iyali suka samu karɓuwa, har a gidajen da ake ganin ba za su taɓa fita ba. Abin da mata ke ƙi shi ne benci a bakin kwata a tsakiyar samari. In aka ba su labule da tabarma mai tsabta da wurin wanke hannu, magana ta canja. Kuma su ne za su fi cin riba ta wani ɓangaren, domin kwaɗon zogale da na rama, da dafaffen wake, da ganyen rogo, da gurji, da daddawa, duk a hannunsu suke. Mahauci shi kaɗai ba zai iya kafa irin wannan gida ba sai ya haɗa jari da mai tuwo.

Babbar sukar da mai karatu Musulmi zai kawo ita ce ta halal da haram, kuma tana da ƙarfi. Naman da aka fi gasawa a Koriya na alade ne, musamman samgyeopsal, wato naman cikinsa mai kitse, kuma abokin tafiyarsa giyar soju ce. Wanda ya shiga irin wannan gida a ƙasar waje dole ya buɗe ido fiye da yadda yake zato. Romon da ake dafa miyar kimci da shi sau da yawa na alade ne ko da ba a ga nama a ciki ba. Ruwan da ake jiƙa naman shanu a cikinsa kan ƙunshi giyar girki. Naɗin shinkafa da ake kira kimbap yawanci da sarrafaffen naman alade a tsakiya. Akwai sundae, hanji ne da aka cusa wa jini. Ko naman shanun ma, a Koriya ba yankan Musulunci ba ne sai inda aka ba da shaida, sannan ga ragar gashin da ta ɗauki wani nama kafin naka. Mafita ita ce a tambaya ba kunya, a karkata ga kifi da abincin teku da bibimbap marar nama, wato shinkafa da ganyaye da ƙwai da ake cakuɗawa da kwaɓin barkono, ko a nemi gidan da ke da takardar halal. Su kansu Koriyawa sun san da wannan kasuwa. Babban masallacin Seoul a unguwar Itaewon yana nan tun 1976, ƙungiyar Musulmin ƙasar tana ba da shaidar halal, kuma hukumar yawon buɗe ido ta kasa gidajen abinci kashi huɗu don baƙi Musulmi, daga mai cikakkiyar shaida zuwa wanda alade kawai ya cire.

Sai dai wannan suka ta shafi mai zuwa ci ne a gidansu. Ba ta taɓa maganar da nake yi ba, domin tebur da garwashi da farashi a bango ba su da addini. Abin da ya fi wuya shi ne tambayar kuɗi da ke ɓoye a ƙarƙashinta: gidan gashin Koriya yana samun kaso mai kyau na ribarsa daga giya, a Bangui ma gasasshen nama da kwalba sun saba tafiya tare a wuraren shaƙatawa. Wanda ya cire giya ya cire wannan riba, kuma ƙarya ne a ce ba asara. Amma mai shayi ya daɗe da nuna cewa ana iya tara maza su zauna har tsakar dare a kan ruwan zafi da madara. Zoɓo da lemon citta da kunun aya da fura da nono duk ana cin riba mai kauri a kansu, tunda kayan haɗinsu ba su da tsada. Kuma gidan da ba a sha a cikinsa shi ne wanda uwa za ta yarda ta kai 'ya'yanta, Musulma ce ko Kirista.

Wasu za su ce koyi da baƙi ne, mu riƙe namu. Wannan suka ba ta daɗewa a tsaye. Rogon da ake gozo da shi daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo shi, haka gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli, haka barkonon da ke cikin yajinmu, wanda shi ne dai ya isa Koriya wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya rina musu kimci ja. Indomie da ke teburin kowane mai shayi 'yar Indonesiya ce.

Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta wuta da yanayi. Gidan abincin Seoul yana tsaye ne a kan firji da ruwan famfo da ba ya yankewa. Bangui kuwa ta daɗe tana dogaro da tashar lantarki ta Boali, kuma ko bayan buɗe tashar hasken rana ta Danzi a 2023, ɗauke wuta bai zama tarihi ba. Sannan kimci ɗan sanyi ne. Al'adar kimjang, wadda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013, ita ce taruwar dangi da maƙwabta a ƙarshen kaka su haɗa kimcin da zai kai su ƙarshen hunturu, a da har binne tulunan ake yi a ƙasa. A zafi da laimar bakin kogin Ubangi, wannan kabejin kwana kaɗan zai yi ya lalace. Saboda haka kawo ɗanyen nama teburi-teburi, a garin da ba a da tabbacin sanyaya shi, neman ciwon ciki ne, kuma ba na ba kowa wannan shawara. Gara gashin ya zauna a hannun gwani a tukubarsa, a kai wa masu ci da zafinsa, ko a ajiye musu ɗan kaskon garwashi don kada ya huce. Game da abin da ba ya lalacewa, muna da namu da zafin ƙasarmu ya koya mana: kilishi, dambun nama, busasshiyar kuɓewa, kuka, da daddawa. Ita daddawar ma 'yar'uwar doenjang ce ta Koriya, dukansu ƙwaya ce da aka dafa aka rufe ta ruɓa ta zama mai ɗanɗano, tasu ta waken soya, tamu ta kalwa. A Disamba 2024 UNESCO ta karrama sana'ar haɗa irin wannan kwaɓin waken na Koriya, kuma a zama ɗaya ta karrama attiéké na Kodebuwa, wanda ba komai ba ne illa rogo. Masu ƙyamar warin daddawa a gaban baƙi su yi tunani a kan wannan.

Akwai kuma mai cewa ƙari kyauta zai karya ɗan kasuwa a unguwar da yunwa take. Gaskiya ne kyautar ba kyauta ba ce, an riga an lissafa ta cikin kuɗin babban abinci, kuma ganye da wake ake ƙarawa, ba a ƙara nama. Su ma can tsarin ya jawo musu ɓarnar abinci mai yawa, har doka ta hana mayar da ragowar wani teburi ga wani baƙo, aka kuma hana binne sharar abinci a juji tun 2005. Darasin shi ne a fara da kaɗan. Kwano uku sun isa, a ƙara sau ɗaya, a rubuta haka a bango kowa ya gani. Rubutaccen farashi yana da wani amfani da ya wuce lissafi a gari kamar Bangui. Baƙon da ya zo daga wata unguwa, wanda ba ya jin Hausa ko Larabci, yana shigowa ne da zargin za a tsawwala masa don ba ɗan gida ba ne. Allo guda da harshen Sango da Faransanci yana kashe wannan zargi tun kafin a yi sallama.

Saura masu cewa ai gwamnati ce ta ɗaga abincin Koriya, mu kuwa wa zai ɗaga namu. Gwamnatin Lee Myung-bak ta ƙaddamar da gangamin tallata abincin ƙasar a 2009, aka kafa gidauniya dominsa a 2010, shekarar da aka buɗe cibiyar al'adun Koriya a Abuja. An kashe kuɗi, kuma a cikin ƙasar an soki gangamin da almubazzaranci. Amma kafin duk wannan, Koriyawan da suka yi ƙaura zuwa Los Angeles bayan Amurka ta sassauta dokar shiga ƙasarta a 1965 sun riga sun kafa gidajen abincinsu don ciyar da junansu, maƙwabta suka biyo ƙamshi. Wasan kwaikwayon Dae Jang Geum na 2003, labarin mai girki a fadar sarki, ya yi wa abincin tallar da ma'aikatar gwamnati ba ta iya ba. Hukuma ta zo ne ta tarar da abu yana tafiya ta tura shi. Abin da ake buƙata daga magajin garin Bangui bai kai haka ba: mayanka mai tsabta, likitan dabbobi da ke duba nama da gaske, kwashe shara, fitila a titi, da tsaron da zai sa mutum ya fito da iyalinsa bayan isha'i. Masu shirya finafinan Hausa su ma suna da nasu alhakin, tunda sau nawa aka ga jarumi ya kai budurwa cin kaza da soyayyen dankali, sau nawa kuma aka gan shi a gaban tukuba?

Ba na cewa faranti zai sasanta abin da bindiga ta ɓata. Wanda aka ƙona wa gida a Miskine haƙƙinsa yake nema, a mayar masa da filinsa, a hukunta wanda ya yi. Amma komawar unguwa tana da ma'auni da kowa ke iya gani, wato ko mutumin wata unguwa zai zo da ƙafarsa ya zauna, ya juya wa ƙofa baya, ya ci abinci ba tare da waige-waige ba. Ciniki a tsaye yana yiwuwa ko tsakanin mutanen da ba su yarda da juna ba, a miƙa kuɗi a karɓi ƙunshi a wuce. Zaman awa guda ba ya yiwuwa sai da aminci, kuma duk wanda ya yi shi sau ɗaya ya koma lafiya ya zama mai ba da shaida a unguwarsu. Direbobin manyan motoci da ke sauke kayan Douala bayan sun ratso Garoua-Boulaï, da ma'aikatan MINUSCA ta Majalisar Ɗinkin Duniya da suke birnin tun 2014, da ɗaliban jami'ar Bangui, duk masu ci ne a waje, kuma kuɗinsu yana tafiya inda aka tanadar musu kujera.

Don haka kirana ga sarakunan fawa da masu tukuba na Kilomita Biyar da waɗanda suka koma Miskine shi ne su nemi matan da ke tuwo da kwaɗo a lungunansu su haɗa hannu. A samu rumfa ɗaya a gwada, da tebur huɗu da ɓangaren iyali, da buta da sabulu a bakin shiga, a daina naɗe nama a takardar siminti, a rubuta farashi da harshen da baƙo zai karanta. Jarin bai kai kuɗin sa guda ba, kuma masu adashe a kasuwar suna iya tara shi kafin babbar salla.